Da A-kori-kura Zuwa Fataskum Cikin Bazara

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ba ya rasa ganin wani abu guda a kan hanya, watau mota tsaye a gefen kwalta, an ɗage murfin inji, direba ya riƙe ƙugu yana kallon tururi, yaron mota kuwa ya saɓi jarka ya nufi ƙauyen da ya fi kusa. Na sha wuce irin waɗannan bayin Allah ina cewa Allah ya kyauta, amma ban taɓa damuwa da sanin abin da ke kawo haka ba, sai da abin ya faɗo a kaina.

Ran wata Talata ce a ƙarshen Afrilu na 2024, mako biyu bayan ƙaramar salla. Wani ƙanen mahaifina mai sana'ar kiwo ya ce in raka shi kasuwar dabbobi ta Potiskum, wadda mutanenmu ke ce wa Fataskum, domin ya sayo raguna ya turke su kafin babbar salla. Kasuwar ran Laraba take ci, kuma tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, saboda haka wanda ke son zaɓi sai ya kwana a garin. Muka yi shatar wata tsohuwar a-kori-kura ta wani saurayi, bisa sharaɗin zai ɗauki kayan 'yan kasuwa a tafiya, mu kuma mu cika ta da raguna a dawowa. Motar bashi ya karɓe ta, yana biya wata-wata, kuma a lokacin bai ko kai rabi ba.

Ita a-kori-kura ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Dattawa suna tune da Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, tun ba bayan da aka buɗe ma'aikatar harhaɗa motoci ta Kaduna a 1975 ba. Daga baya motocin Japan irin su Toyota Hilux suka cika gari, da kuma tsofaffin motoci iri-iri da ake shigowa da su ta Kwatano da Legas. Akasarinsu an ƙera su ne su ɗauki kamar tan 1. Tamu kuwa da na ƙirga, buhun sukari da na fulawa 30 ne a bayanta, kowanne kilo 50, ga katan-katan na sabulu a sama, ga yaron mota a saman katan, ga mu uku a gaba. Mai karatu ya yi lissafi da kansa.

Mun yi niyyar tashi bayan sallar asuba, amma jiran masu kaya ya hana, sai wajen ƙarfe 10 muka bar Hotoro. Muka wuce Mariri, inda kasuwar goro take, muka haye gadar Wudil, muka bi ta Gaya har Shuwarin, mararrabar da ake karyawa a shiga Dutse. Hanyar nan ita ce aka ba da kwangilar mayar da ita tagwaye tun 2006, kuma inda aka gama ta, mota na gudu yadda take so. Sai dai ƙasar duk ta bushe, gonaki fayau, ba abin da ya rage kore sai gawo da dogon-yaro da mangwaro. Iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin tanderu take fitowa, kuma can gaba a kan kwalta kawalwalniya na ta rawa kamar tafki.

Tun daga Kiyawa na lura direbanmu ya rage hira, yana yawan duban allurar nan mai nuna zafin inji. Ta bar tsakiya, tana hawa sannu sannu. Da muka zo gadar Jama'are, na leƙa kogin, wanda ke tasowa daga duwatsun wajen Jos ya gangara har ya haɗu da na Haɗeja su zama Kogin Yobe, sai na ga yashi ya fi ruwa yawa nesa ba kusa ba. Direba ya miƙa hannu ya murɗa wani maɓalli, sai iska mai zafin gaske ta fara busowa a ƙafafunmu. Baffana ya ce, "Kai yaro, gasa mu za ka yi?" Ya ce, "Yi haƙuri Baba, hita na kunna." Ashe na'urar ɗumama ɗaki da Turawa ke sawa a mota saboda sanyin ƙasarsu, ita ma wani ƙaramin lagireto ce da ruwan inji ke ratsawa, in aka kunna ta tana rage wa inji ɗan zafi, ta juye shi a kan fasinja. Dabarar ta kai mu 'yan kilomitoci. Ba mu kai Azare ba allura ta taɓa ja, muka ji ƙaurin ruwan zafi da tsatsa, direba ya gangara gindin wani gawo ya tsaya.

Yaron mota ya diro da tsumma a hannu, ya nufi marfin lagireto zai buɗe. Direba ya daka masa tsawa, ya ce, "Kar ka taɓa!" Ya ɗage rigarsa ya nuna mana tabon ƙuna daga haƙarƙari har kafaɗa, ya ce tun yana yaron mota ya samo shi, a daidai irin wannan gaggawar. Muka zauna a inuwar gawon nan fiye da rabin sa'a, muna jin ruwa na ɓararraka a cikin inji kamar tukunyar wake, har ya lafa. Sa'an nan ya rufa tsumma ya sassauta marfin kaɗan, ya bari iska ta fita, ya ta da inji, ya riƙa zuba ruwa kaɗan kaɗan. Ya ce in aka kwarara ruwan sanyi gaba ɗaya a inji mai zafi, kan injin na iya lanƙwashewa ko ya tsage, kuma wannan ba gyaran gefen hanya ba ne. Ruwan da ya zuba na wata rijiya ne da yaron ya ɗebo. A lokacin ban ga wani laifi ga ruwan ba.

Da lallaɓawa muka shiga Azare bayan azahar. Azare ita ce hedkwatar masarautar Katagum, gari ne babba mai tashoshi da makanikai, kuma daga Kano kamar kilomita 200 ne, daga nan zuwa Fataskum kamar 100. Aka kwatanta mana rumfar wani dattijo da ba ya aikin komai sai gyaran lagireto. Rumfar kwano ce, gabanta an jingina lagireto fiye da ashirin, waɗansu na tagulla sun yi kore, waɗansu na alminiyam masu kan roba, ga kaskon gawayi da ƙarfen lika da sandunan dalma. Muka yi sallama, ya amsa, ya gama abin da ke hannunsa tukuna, sa'an nan ya taso.

Tambayar da ya fara yi ita ce, "Samari, yaushe take ɗaukar zafi, in tana tsaye ko in tana gudu?" Direba ya ce, "Baba, da dai sai a cunkoson cikin gari, amma yau a guje ta yi." Tsoho ya ce to cuta biyu ke nan. Ya ce motar da ke zafi a tsaye, ta huce in ta sami hanya, iska ce ba ta isarta, sai a duba fanka. Wadda kuwa ke zafi a guje da kaya, ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, sai a duba lagireto da famfon ruwa da tiyo. Ya sa aka ta da inji ya ɗumama, aka kashe, ya riƙa shafa fuskar lagireton da tafin hannu daga gefe zuwa gefe. Ya kama hannuna ya ɗora a wani wuri, zafi rau, ya matsar da shi kaɗan, sai na ji ɗumi-ɗumi kawai. Ya ce, "Malam, nan ruwa ba ya bi."

A nan ya kamata in ɗan tsaya in bayyana wa masu karatu yadda abin yake, gwargwadon abin da na fahimta daga baya. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama ƙarfin da ke juya taya. Wani kashi ɗaya yana fita ta salansa, sauran kuwa zafi ne da ke shiga jikin ƙarfen inji, wanda dole ruwa ya kwashe shi. Famfo yana tura ruwan ya zagaya jikin inji, ya fito da zafi, ya shiga lagireto ya rarrabu cikin siraran bututu masu yawa, iska ta ratsa tsakaninsu ta ɗauke zafin, ruwan ya koma. An shirya inji ya yi aiki ne ruwansa na wajen digiri 90. To, lagireto ba shi da sanyi na kansa, yana dogara ne ga bambancin da ke tsakanin zafin ruwa da zafin iska. Da safiyar hunturu, in iska tana digiri 25, bambancin 65 ne. Da tsakar ranar bazara a ƙasar Katagum, in iska ta kai 43, bambancin ya koma 47, watau fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin lagireto ya tafi, alhali kayan da aka ɗora wa motar bai ragu ba. Lagireto mai lafiya an yi shi da rarar da za ta jure wannan. Wanda ya riga ya toshe rabi da rabi kuwa, zai yi ta aiki lami lafiya tun daga damina har ƙarshen hunturu, mai mota bai san komai ba, sai bazara ta tona asirinsa.

Aka kwance lagireton. Da yake na tagulla ne, tsoho ya narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama ya cire shi, sai ga bakunan bututun a jere, da yawa sun cushe da wani farin ƙanzo gauraye da jar tsatsa. Ya ce in na taɓa leƙa cikin tukunyar mai shayi wadda ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya, to abin da na gani ke nan. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, duk lokacin da ruwa ya ƙone ya ragu, gishirin na nan, direba ya ƙara wani ruwan, gishiri ya ƙaru. Ya ɗauki wani siririn ƙarfe mai faɗi ya riƙa zurawa cikin bututun ɗaya bayan ɗaya, da haƙuri, don in aka matsa sai ya huda. Ya ce na alminiyam masu kan roba da ke zuwa yanzu sun fi sauƙin nauyi, kuma suna sanyaya ruwa sosai, amma ba a like su da dalma, in robar ta tsufa ta tsage, sau da yawa canji ne maganinta. Da ya gama ciki, ya wanke waje, ya watsa ruwa daga baya zuwa gaba, sai ga ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da fukafukan fara suna fitowa daga tsakanin bututun kamar kunu.

Sa'an nan ya ɗauki marfin lagireton ya juya shi, ya nuna mana robar ta tsattsage, ya danna sifirin da babban yatsa ya ga ba ƙarfi. Wannan ɗan marfi da ba a ɗauke shi a bakin komai ba, ashe babban aiki yake yi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma in an rufe shi an matse, sai ya wuce haka bai tafasa ba. Marfin shi ke riƙe wannan matsi. Akan rubuta lamba a samansa, 0.9 ko 1.1, kuma mai lafiya yana ɗaga tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. In ya mutu, ruwa na tafasa da wuri, ya zama tururi, ya fice, inji ya rage ruwa, zafi ya ƙaru, haka har a kai gindin gawo. Direba ya ce a sa masa mai babbar lamba. Tsoho ya ƙi, ya ce wanda aka rubuta wa motar shi za a sa, don in matsi ya fi ƙarfin tsohon tiyo, fashewa zai yi, kuma ba a cikin gari zai fashe ba.

Abin da ya fi tsorata direbanmu shi ne kada gasket ɗin kan inji ya ƙone. Tun da aka janye tallafin mai a 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kayan gyara sun yi tsadar da saukar da kan inji zai cinye masa kuɗin biyan bashi na wata da watanni. Bayan an mayar da lagireto an cika ruwa, tsoho ya bar bakin a buɗe, aka ta da inji, muka tsaya mu huɗu muna leƙen ruwan ko zai yi kumfa. Bai yi ba. Ya zaro sandar awon baƙin mai, mai na nan baƙi, bai koma kamar shayi da madara ba. Salansa ma ba farin hayaƙi. Direba ya sauke ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi har sau uku.

Da za mu tashi, na tambayi tsoho ko akwai sauran abin dubawa. Ya ce ya lura an cire tamostat, kuma an kyauta, don a cewarsa wannan abu na ƙasar sanyi ne, mu nan ba mu da bukatarsa. Haka makanikai da yawa ke cewa, daga Ƙofar Ruwa ta Kano har Fanteka ta Kaduna, kuma na yarda da shi a ranar, domin ba ni da dalilin musu da mutumin da ya yi mana aiki mai kyau haka.

Mun bar Azare bayan la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, muka shiga Jihar Yobe, muka isa Fataskum ana kiran isha'i. Garin ya cika da baƙi. Fataskum gari ne na manyan motoci, mutanensa sun shahara da sufuri, ko'ina ka duba tireloli ne a jere suna jiran shanun da za su kai Legas da Fatakwal da sauran garuruwan Kudu. A nan fadar Sarkin Fika take tun da aka dawo da ita garin a 1924. A cunkoson shiga gari kuwa, allurar nan ta sake ɗan ɗagawa. Cuta ta biyu da tsoho ya ambata tana nan.

Da gari ya waye, bayan an sauke kaya, baffana ya shige kasuwa da dillalinsa, ni kuwa na bi direba wurin wani bakanike matashi wanda ya yi makarantar koyon sana'a kafin ya buɗe gareji. Direba ya zo da shawararsa a shirye, so yake a sa masa babban lagireto mai layin bututu uku maimakon biyu, a huta. Bakaniken ya ce mai layi uku yana da amfani ga motar kaya, ba ya musu, amma kafin a ƙara abin da masu ƙera motar ba su sa ba, a fara mayar da abin da suka sa aka cire. Ya nuna mana ramukan ƙusoshi huɗu a bayan lagireto, ya ce nan akwai wata garkuwar roba da ke kewaye fanka, wani ya cire ta ran da ya canja fambel ya ji ƙyuyar mayarwa. In ba ita, fanka na jawo iska ne daga gefe da ƙasa, inda ya fi mata sauƙi, maimakon ta jawo ta cikin lagireto. Ya kuma juya fankar da yatsa, inji na kashe amma da zafinsa, ta yi ta juyawa sakaka. Ya ce a cibiyarta akwai wani mai mai kauri da ke sa ta kama sosai in zafi ya tashi, to ya tsiyaye. Lagireto mai kauri kuwa ya fi wuyar ratsawa ga iska, in aka haɗa shi da raunanniyar fanka, an kashe kuɗi ne a sayi sabuwar matsala.

Sai muka zo kan tamostat, na faɗa masa abin da tsohon Azare ya ce. Ya yi murmushi, ya ce Baba ya san lagireto fiye da shi, amma a nan bai yi daidai ba. Ya kwance gidan tamostat ɗin ya haska mana ciki, ya nuna wani ƙaramin rami. Ya ce tamostat ƙofa ce mai buɗe kanta in ruwa ya kai wajen digiri 82. Kafin nan ruwa na zagayawa ne a cikin inji kaɗai ta wannan rami, don inji ya ɗumama da wuri. A irin wannan inji, sa'ad da ƙofar ta buɗe hanyar lagireto, ƙafarta kuma tana toshe ramin. In aka cire ta ɗungum, ramin ya zauna a buɗe har abada, wani kashi na ruwan zafi ya riƙa komawa inji bai ga lagireto ba. Ga shi kuma da sanyin safiya inji ba ya ɗumama da wuri, sai ya sha mai da yawa, ya ci jikinsa. A ganina shi ke da gaskiya, domin ramin na gani da idona. Amma ban ga laifin tsoho ƙwarai ba, don tamostat kan mutu a rufe, inji ya tafasa nan take, kuma wanda ya sha ganin haka a zamanin da samun sabuwa ke da wuya, ba mamaki ya yanke shawarar rabuwa da ita.

Aka samo garkuwar fanka ta hannu a wurin masu kwance motoci, aka canja cibiyar fankar, aka sa tamostat, aka ɗaure fambel. Ya matsa tiyon ƙasa ya ga ya yi laushi, ya ce irin wannan in inji na gudu famfo kan tsotse shi ya lotse ya hana ruwa wucewa, aka canja shi. Daga ƙarshe ya zubar da ruwan da ke ciki, ya zuba ruwan lagireto na kanti mai launi, wanda aka riga aka gauraya. Ya ce kada direba ya ɗauka wannan ruwa ƙanƙara ne, don a wajen ɗaukar zafi ma ruwa zalla ya ɗan fi shi. Amfaninsa shi ne yana hana tsatsa da ƙanzo, kuma yana ɗan jinkirta tafasa. In ya ragu a hanya, a ƙara tataccen ruwa, in babu, ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi na rijiya. Ya kuma gargaɗe mu, da ya ji raguna za mu ɗauka, cewa ruwan nan yana da ɗan zaƙi amma guba ne, kada a bar shi inda dabba ko yaro zai lasa. Duk aikin bai kai kuɗin babban lagireton ba. Direba dai bai haƙura ba, ya ce in ya gama biyan bashi sai ya sa mai layi uku. Bakanike ya ce Allah ya nuna mana, amma in ya rage buhu 10 a lodi, ba lalle ya bukace shi ba. Direba ya yi kamar bai ji ba.

Na koma kasuwa na iske baffana ya sayi raguna 14, galibi uda da balami, yana ta faɗan tsada. Wannan karon shi ya kafe cewa ba za mu kama hanya da rana ba, don mu in mota ta tsaya mun san inuwa, dabbar da aka ɗaure a bayan mota kuwa ba ta da zaɓi. Muka sake kwana. Ran Alhamis muka shimfiɗa yashi da harawa a bayan mota, aka loda raguna, muka yi sallar asuba muka tashi.

Yaron mota bai yarda da gyaran ba, sai da ya cika jarkoki biyu ya ɗaure a gefe. Muka wuce Azare rana na fitowa, rumfar tsoho a rufe tukuna. Muka wuce gawon nan da muka zauna a gindinsa, wata motar ce a wurin, murfi a ɗage, direbanmu ya rage gudu ya tambaye su ko suna bukatar ruwa, suka ce tun jiya suke nan, bakanike suke jira daga gari. Allurarmu kuwa ta hau tsakiya ta zauna, ba ta motsa ba har Shuwarin, ba ta motsa ba a cunkoson Wudil wajen ƙarfe 11, sa'ad da rana ta fara cizo. Muna haye gada ragunan suka fara haki, baffana ya ce a tsaya. Yaron ya kwance jarkokin nan biyu, ya nemo wani tsohon daro, ya shayar da su ɗaya bayan ɗaya.